Kumbashi: Yadda damina da rani ke sauya hanyar mai babur

Ma'aikacin da aka tura aiki Kumbashi daga Abuja yakan bi kwalta ta Suleja, Minna, Zungeru da Tegina, ya shiga ƙasar Kontagora cikin mota. Amma aikin da aka aike shi, ko rigakafin yara ne, ko rajistar masu zaɓe, ko duba makarantu, yawanci yana can cikin ƙauyukan da babur kaɗai ke kaiwa. Kumbashi na cikin Ƙaramar Hukumar Mariga, wadda hedikwatarta ke Bangi, a arewacin Jihar Neja. Hanyoyin ƙauyukanta burtali ne da turbar ƙafa, suna ratsa duwatsu da ƙoramu, kuma kowane lokaci na shekara yana sauya musu kama.

Ruwan farko kan sauka a yankin wajen watan Afrilu zuwa Mayu. A makonnin nan ƙasa na shanye ruwa da wuri, ƙura ta kwanta, hanya ta yi daɗin bi. Daga Yuli zuwa Satumba labari ke canzawa. Jar ƙasa ta koma santsi, fadamu su cika da taɓo, laka ta cushe tsakanin taya da murfinta har babur ya ƙi motsi. A gangaren dutse ruwa kan yanka kwari a tsakiyar turba, ya bar tsakuwa a kwance, wadda ke kwashe tayar gaba idan aka damƙe birki da ƙarfi.

Babban haɗarin damina yana mashigin ruwa. Ƙoramar da aka tsallake da safe ruwa iya idon sawu tana iya cika ta batse da la'asar, ko da ba a ga hadari a wurin ba, domin ruwan da ya sauka a tudu shi ke gangarowa. Direbobin da suka san hanya sukan sauka su auna zurfi da ƙafa ko sanda kafin su shiga. Idan ruwa ya shiga inji ta wurin shan iska, babur ya mutu ke nan, sai an kai ga bakanike.

Wannan ya shafi aiki kai tsaye. A watannin damina ne ake bi gida-gida a jihohin Arewa ana ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin kariya daga zazzabin cizon sauro, wato daidai lokacin da hanya ta fi lalacewa. Yawancin alluran rigakafi kuma ana son su zauna cikin sanyin da bai gaza digiri 2 ba, bai wuce 8 ba. Tawagar da ta maƙale awanni a bakin rafi, ƙanƙarar akwatinta na narkewa, tana iya isa da maganin da ya riga ya lalace.

Da kaka, daga Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya janye amma ya bar ɓarnarsa. Sawun da tayoyi suka haƙa cikin laka ya bushe ya zama ramuka masu tauri, ciyawar gamba ta yi tsawo ta rufe kwana, mai babur ba ya hango abin da ke gabansa. Lokacin ne kuma ake kwaso amfanin gona, turba ta cika da babura masu ɗauke da buhunan dawa da masara.

Daga Disamba zuwa Fabrairu tafiya ta fi sauƙi, sai dai hunturu na da nasa sharuɗɗan: hazo na rage gani, ƙura na toshe matatar iska tana cinye sarƙa, rairayin busasshen rafi na karkatar da taya. Bayan an ƙona daji, kututture da ƙaya kan huda taya a inda babu mai faci. Da bazara kuwa, a Maris da Afrilu, zafi ne ke gajiyar da inji da mai tuƙa shi, shi ya sa ake sammako.

Batun tsaro ya fi dukkan waɗannan nauyi. Mariga na cikin ƙananan hukumomin da hare-haren 'yan bindiga suka addaba, kuma su ma da babur suke yawo. A 2021 gwamnatin jihar ta hana sayar da wasu nau'o'in babura saboda wannan dalili. Baƙon da ya shiga daji ba tare da sanin hakimi, dagaci da jami'an tsaro ba, ya jefa kansa da direbansa cikin haɗari. Da ɗan gari akan ci gari: jagoran da aka haifa a wurin ya san mashigin da ke ƙetaruwa yau, ya san turbar da aka daina bi.

Ofishin da ke tsara irin wannan tafiya daga Abuja zai amfana idan ya duba hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, ya ware kuɗin jagora da hular kwano, ya kuma ƙara kwana ɗaya ko biyu a jadawalin Agusta da Satumba. Aikin da zai iya jira, a bar shi sai ruwa ya ɗauke. Wanda ba zai jira ba, a tashi da sassafe, a dawo gari kafin la'asar.