Mararrabar layin dogo: Babban ƙalubalen masu wasan OpenTTD

Ga masu buga wasan kwamfutar nan na OpenTTD, shimfiɗa layin dogo daga mahaƙar kwal zuwa tashar samar da wutar lantarki ba wani aiki ne mai wuya ba. Matsalar takan fara ne daga ranar da layi biyu suka haɗu, jiragen ƙasa kuma suka soma neman wucewa ta wuri guda a lokaci guda.

A irin wannan mararraba ce kamfanin sufurin da ɗan wasa ya kwashe sa'o'i yana ginawa kan tsaya cik, jirage su yi jerin gwano, kuɗin shiga kuma ya ƙafe.

Shi dai OpenTTD ya samo asali ne daga wasan Transport Tycoon Deluxe, wanda Chris Sawyer, ɗan yankin Sikotland, ya fitar a shekarar 1995. A shekarar 2004 wani masanin kwamfuta ɗan ƙasar Suwidin, Ludvig Strigeus, ya sake rubuta wasan ya bayar da shi kyauta, kuma tun daga lokacin masu aikin sa kai ke ci gaba da inganta shi.

Dalilin cunkoso

A cikin wasan ana biyan ɗan wasa ne gwargwadon yawan kayan da ya kai, da nisan tafiyar, da kuma kwanakin da kayan suka yi a hanya. Muddin kaya suka daɗe, to kuɗinsu na raguwa. Kazalika idan jirgi ya jima bai zo wata tasha ba, darajar tashar kan faɗi, masana'antun yankin su rage kayan da suke ba ta.

Saboda haka duk wani jinkiri asara ce, kuma mafi yawan jinkirin a mararraba yake faruwa.

Alal misali, a ɗauki layuka biyu da ke kwance kafaɗa da kafaɗa, ɗaya na jiragen da suka nufi arewa, ɗayan kuma na waɗanda suka nufi kudu. Idan reshe ya ɓalle daga gefe guda, to jirgin da ke kan layin da ya fi nisa da reshen dole ne ya tsallaka layin 'yan uwansa kafin ya kai gare shi. A tsawon lokacin da yake tsallakawa, duk jirgin da ke tafe daga ɗaya ɓangaren sai ya dakata.

Da jirage biyar ko shida wannan ba abin damuwa ba ne. Amma da zarar sun kai hamsin, tsayawar jirgi ɗaya kan haddasa tsayawar na bayansa, har cunkoson ya kai ga tashoshin da ke can nesa.

Aikin sigina

Abin da ke hana jirage karo da juna shi ne sigina, wato fitilar da ke ba jirgi hannu ko ta tsayar da shi. A tsarin farko na wasan, sigina kan raba layi zango-zango, kuma ba a barin jirgi ya shiga zangon da wani jirgin ke ciki.

Wannan ƙa'ida tana aiki sosai a miƙaƙƙen layi, sai dai a mararraba tana da illa. Duk layukan da ke haɗe da juna tsakanin siginoni ana ɗaukarsu zango guda ne. Ke nan jirgi ɗaya tak zai iya kasancewa cikin mararrabar, ko da kuwa akwai na biyu wanda hanyarsa ba za ta taɓa ta na farkon ba.

Da fari an yi ƙoƙarin rage matsalar da wasu siginoni masu leƙen gaba, waɗanda ba sa ba jirgi hannu sai sun tabbatar akwai mafita a buɗe a ɗaya ƙarshen. Sun taimaka a ƙofar tashoshi, to amma jera su daidai na buƙatar ƙwarewa, kuma kuskure ɗaya kan dagula lissafi.

Babban sauyi ya zo ne a shekarar 2009, lokacin da aka shigar da siginoni masu tanadin hanya cikin wasan. A wannan tsari, kafin jirgi ya wuce sigina sai ya keɓe wa kansa hanyar da zai bi har zuwa wuri na gaba da zai iya tsayawa lafiya. Idan hanyar jirgi na biyu ba ta ratsa wadda aka keɓe ba, shi ma sai a ba shi hannu. Ta haka jirage biyu ko fiye kan ratsa mararraba guda a lokaci ɗaya ba tare da haɗari ba.

Inda jirgi zai tsaya

Duk da haka sigina kaɗai ba ta wadatarwa, sai an san inda za a kafa ta. Ƙa'idar da ƙwararrun 'yan wasa ke bi ita ce, duk inda aka kafa sigina, to a ɗauka wata rana jirgi zai tsaya a wurin. Abin tambaya shi ne, idan ya tsaya, wa zai tare wa hanya?

An raba taswirar wasan gida-gida kamar na dara, kuma tsawon jirgi da waɗannan gidaje ake auna shi. Idan jirgi mai tsawon gida bakwai ya fito daga mararraba ya tarar da jar fitila bayan gida uku, kansa zai kasance a waje, taragansa na baya kuwa suna kwance a tsakiyar mararrabar sun toshe wa kowa hanya.

Mafi muni shi ne idan jiragen suka sarƙe: na farko yana jiran na biyu ya kauce, na biyu yana jiran na uku, shi kuma na ukun yana jiran na farko. Babu wanda zai motsa har sai ɗan wasa ya sa hannu ya juya akalar ɗayansu. Idan kuwa ya tilasta wa jirgi keta jar fitila bisa kuskure, to ana iya yin karo, a yi asarar jiragen biyu da abin da suka ɗauko.

Maganin shi ne a bar fili bayan kowace mararraba wanda zai ɗauke jirgi mafi tsawo da ke bin layin, tun daga kai har wutsiya.

Gada da rami

Idan zirga-zirga ta yi yawa ƙwarai, hanya mafi inganci ita ce a kawar da tsallaken layi baki ɗaya, ta hanyar ɗaga reshen bisa gada ko kuma a bi da shi ta ƙarƙashin ƙasa. Sai dai ita ma wannan dabara tana da sharuɗɗanta.

Hawan tudu na rage gudun jirgi mai nauyi, haka ma kwana mai tsanani. A ainihin wasan ba a iya kafa sigina a kan gada ko cikin rami, don haka doguwar gada kan zama dogon zangon da jirgi ɗaya kawai ke iya bi a lokaci guda. Bugu da ƙari kowane irin gada yana da iyakar gudun da aka yarje wa jirgi a kansa.

Akwai kuma batun tsari. Masu wasan kan ce a fara raba jirage kafin a haɗa su: masu fita daga babban layi su fita tukuna, sannan masu shigowa su shigo. Idan aka yi akasin haka, ɗan guntun layin da ke tsakani zai ɗauki nauyin jiragen ɓangarorin biyu, ya zama maƙogwaron da komai ke maƙalewa.

Ba OpenTTD kaɗai ke da wannan ƙalubale ba. A wasan Factorio, na kamfanin Wube Software da ke Jamhuriyar Cek, sarƙewar jirage a mararraba sananniyar matsala ce, kuma sai a shekarar 2024 aka samar da layin dogo na sama a cikinsa.

Darasi daga layin dogo na gaskiya

Waɗannan matsaloli ba ƙirƙirar masu wasa ba ce, domin injiniyoyin Birtaniya sun sha fama da su tun ƙarni na 19. A shekarar 1856 John Saxby ya yi rajistar wata na'ura da ke ɗaure sigina da ƙarfen sauya layi, ta yadda ma'aikaci ba zai iya ba jirgi hannu ba sai an daidaita masa hanya. A shekarar 1881 kuma aka buɗe gadar sama a mararrabar Weaver a Ingila, wadda ake ɗauka ita ce ta farko da aka ɗaga layi bisa wani layin domin guje wa tsallake.

Ba dukan kamfanoni ne suka rungumi matakan kariya da son ransu ba. A shekarar 1889 mutane 80 suka mutu, da yawansu yara, a haɗarin jirgin ƙasa na Armagh, a yankin da yanzu ake kira Ailan ta Arewa, bayan da wasu taragai suka gangaro da baya suka yi karo da jirgin da ke biye. A cikin shekarar majalisar dokokin Birtaniya ta kafa dokar da ta ba hukuma ikon tilasta amfani da tsarin zango-zango, da ɗaure sigina da ƙarfen sauya layi, da kuma birki mai kama kansa a layukan fasinja.

Har a wannan zamani ana ci gaba da irin wannan gyara. A garin Hitchin da ke arewa da Landan, jiragen da suka nufi Cambridge sun daɗe suna tsallaka babban layin da ke zuwa Edinburgh, lamarin da ke jinkirta jirage masu sauri, har sai da aka buɗe gadar sama a shekarar 2013. A Werrington, kusa da Peterborough, rami aka haƙa wa jiragen dakon kaya, aka kuma buɗe shi a shekarar 2021.

Bambancin dai shi ne, a cikin wasa mutum na iya dakatar da lokaci ya rushe mararrabar da ta gaza ya sake gina ta cikin 'yan mintoci. A zahiri kuwa aikin kan ɗauki shekaru da miliyoyin fam, kuma galibi ana yinsa ne yayin da jirage ke ci gaba da wucewa a gefe.