Yaye Da Mutuwar Aure: Hakkin Zuciyar Ƙaramin Yaro

A unguwar Kusugu ta birnin Daura, kamar sauran garuruwa da ƙauyukan masarautar, idan aka ce yaro lafiyarsa ƙalau, abin da ake nufi shi ne jikinsa ba zafi, cikinsa ba ya gudawa, yana kuma karɓar nono. Ba safai ake tambayar halin da zuciyarsa take ciki ba, domin galibinmu mun ɗauka wanda bai iya magana ba bai san baƙin ciki ba. Wannan zato kuskure ne, kuma a wuri biyu ya fi yi mana ɓarna, watau wajen yaye da wajen mutuwar aure.

Kowa ya san yadda ake yaye a gidaje da yawa. A sa rana, a shafa wa nono abu mai ɗaci, ko kuwa a ɗauki yaro a kai shi wurin kakarsa a wani gari. A yini guda ya rasa nono, ya rasa bayan da aka goya shi, ya rasa muryar da ya saba ji tun yana ciki. Sai ya kwana biyu yana tsala kuka, daga nan ya yi shiru, ya ƙi abinci, ya rame, manya kuwa su ce ai ya haƙura.

Wani likita Bature mai suna John Bowlby, wanda ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a kan kulawar uwa a shekarar 1951, ya bi diddigin wannan shiru shi da abokin aikinsa James Robertson, a kan yaran da aka raba da iyayensu a asibitocin Ingila. Suka ga yaro yakan fara da bore, sa'an nan ya fid da rai, daga bisani ya janye zuciyarsa, har idan uwar ta dawo ya kau da kai kamar bai san ta ba. Ashe abin da muke kira haƙuri sau da yawa fid da rai ne. Haka kuma a ƙasar Romaniya, daga shekarar 2000, an bi rayuwar yara 136 na gidajen marayu a Bukares. Waɗanda aka mayar hannun iyali kafin su cika shekara 2 sun fi sauran ci gaban hankali da shaƙuwa da mutane.

Mu kuwa ba baƙon zance ba ne gare mu. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, ta kuma rataya yaye kafin haka a kan yarda da shawara tsakanin uwa da uba. Abin da aka ce a yi shawara a kansa ba abin da ake yi da fyauce ba ne. Buhari ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan taƙaita salla idan ya ji kukan yaro, don kada ya ƙuntata wa uwarsa, ya kuma yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama. Da Aƙra'u ɗan Habis ya faɗi cewa yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, ba a yaba masa ba. Iyaye masu kunyar ɗan fari sai su auna wannan. Kunya ado ce, amma jariri bai san ta ba, ɗumin hannu ya sani.

Na mutuwar aure ya fi muni. Da zarar an yaye yaro, sai uba ya aiko a ɗauko masa ɗansa, wani lokaci ba don ƙaunar ɗan ba sai don ya ƙona ran uwar. A danƙa shi ga kishiya wadda take fama da nata goyon. Alhali kuwa Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta bai wa uwa renon ɗa namiji har ya balaga, mace kuwa har ta tare a ɗakin mijinta. Idan uwar ta rasu ko ta yi wani aure, reno ya koma ga kaka, sa'an nan 'yar'uwar uwa. Ciyarwa tana wuyan uba duk inda yaron yake. Mu da muke alfahari da mazhabar Maliku, a nan al'ada muka bi muka bar littafi, malamai da yawa kuma suna gani ba sa cewa uffan.

Ba ina cewa kaka ba ta iya reno ba. Gidan Bahaushe mai hannuwa da yawa ni'ima ne ga yaro, muddin dai hannun da zai karɓe shi wanda ya sani ne. Saboda haka a rage nono sannu a hankali cikin makonni, na rana tukuna sa'an nan na dare, yana cin kunu da tuwo a gaban uwarsa. In tilas sai an kai shi wani gida, to, ya saba da mai gidan tun kafin ranar, uwa kuma ta riƙa leƙa shi. A daina razana shi da Dodo don ya yi barci.

Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan garin nan, ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa a watan Janairu na 2023. Amma ɗan shekara 2 ba ya kai kansa asibiti. Idan yaro ya daina wasa, ko ya bar maganar da ya fara, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, a kai shi ga likita, a kuma gaya wa likitan abin da ya sauya a gida. Uwar da aka ga ta yi sukuku bayan haihuwa, ba ta barci, ba ta sha'awar ɗaukar ɗanta, ita ma a kai ta tare da shi.