Dabino ɗaya ya isa hawan Gobarau

Hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, tsayinta ya kai kimanin mita 15. Mutum mai nauyin kilo 60 zai kai ƙololuwarta yana haki, amma kuzarin da ya ƙona bai kai na dabino ɗaya ba. Jiki akwai tattali.

Ƙonawar kuwa ta gaske ce. A shekarun 1780 Antuwan Labwaziye na Faransa ya sa ɓeran masar a akwatin da ƙanƙara ta kewaye, ya auna ruwan da zafin jikinsa ya narkar, ya nuna cewa numfashi wuta ce mai ci a hankali. Sukarin gulukos na haɗuwa da iskar oksijin a cikin ƙwayoyin halitta, sai a sami kuzari, da ruwa, da iskar kabon dayoksaid. Hakin da mai hawa ke yi na janyo oksijin ne da fitar da wannan iska. Ko ƙibar da mutum ya rage, akasarinta ta huhu take fita, ba ta gumi ba.

Jiki ba ya amfani da gulukos kai tsaye, sai ya zuba kuzarinsa a cikin wani sinadari, ATP. Ana kashe shi ana sake ƙera shi babu hutu, har abin da babban mutum ke juyawa a yini yakan kusa nauyin jikinsa. Masana'antar wannan aiki ita ce mitokondiriya, wadda Bature Hans Kirebs ya warware wani babban sashe na aikinta a 1937. Daga uwa ake gadonta. Masu alfahari da ƙarfin dangin uba sai su yi haƙuri.

Jajayen ƙwayoyin jini 'yan dako ne da ba sa taɓa kayan da suka ɗauko: su ke jigilar oksijin, amma ba su da mitokondiriya, don haka ba sa ƙona shi.

Ƙwaƙwalwa kuwa kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki, amma tana lashe kusan kashi 20 na kuzari.

In babu oksijin fa? Ƙwayar gulukos da kan ba da ATP kusan 30 sai ta ba da 2 kacal. Da wannan 'yar ribar ƙwayoyin bakteriya ke rayuwa a cikin madara, kuma abin da suke zubarwa shi ne tsamin nonon da ake dama fura da shi. Yis ma haka, iskar da yake fitarwa ce ke kumbura ƙullun waina.

Rogo mai ɗaci kuwa yana fitar da gubar sayanaid, wadda ke toshe matakin ƙarshe na aikin mitokondiriya. Jini na cike da oksijin, ƙwayoyin jiki sun kasa amfani da shi. Shi ya sa ake jiƙa irin wannan rogo kwanaki, a shanya, kafin ya shiga tukunya.