Ranar da Ɗan Aiken Ma'aji Ya Ƙi Amsa Kirana

Jama'a, ina so in ba ku labarin wani abu da ya same ni a ƙarshen zangon karatun da ya wuce, domin na tabbata waɗansunku za su gamu da irinsa in sun fita aikin koyarwa. Malami a zamanin nan yana da ƙofofi da yawa a intanet: ta banki, ta wasiƙu, ta albashi, da ta shigar da makin ɗalibai. Ko wace ƙofa kuwa da kalmar sirrinta. Masana sun hana mu sa kalma guda a ƙofofin duka, don in ɓarawo ya same ta, ya sami gida gaba ɗaya ke nan. Kan mutum kuwa ba zai iya riƙe kalmomi talatin masu wuya ba. Saboda haka aka ƙago wata manhaja wadda ke ajiye su, bari mu kira ta ma'ajin kalmomin sirri. Abin ya daɗe: KeePass ta fito a 2003, 1Password a 2006, Bitwarden kuma a 2016.

Ga yadda aikin ya ke. Ma'aji yana da taska, inda ya ke zuba kalmominka duka, ya kulle da kalma guda wadda za mu kira uwar kalma. Ita kaɗai za ka haddace. Amma ma'aji ba ya zuwa bakin ƙofa da kansa. Yana da ɗan aike a cikin burauza, watau manhajar da mu ke buɗe shafuffukan intanet da ita, kamar Chrome ko Firefox ko Edge. Ɗan aiken nan wata 'yar manhaja ce da a ke ƙara wa burauza, shi ya sa a ke kiran irinta ƙari. Hanyar kiransa iri biyu ce. Ko dai ka kai linzami kan ɗan tambarinsa a saman taga ka latsa, ko kuwa ka bi yanke, watau ka danna maɓallai uku lokaci guda. A Bitwarden, Ctrl da Shift da L su ke cika suna da kalma a shafi. A 1Password, Ctrl da Shift da X su ke buɗe ƙarin. A KeePass, Ctrl da Alt da A su ke sa manhajar ta rubuta maka.

To, ran wata Jumma'a da yamma na zauna zan shigar da makin ɗaliban da na duba a wurin gwajin koyarwa. An ce da ƙarfe shida za a rufe shafin, wanda makinsa bai shiga ba kuwa sai ya jira wani zama na hukumar jarrabawa. Na buɗe shafin, na danna maɓallaina kamar yadda na saba. Shiru. Na sake dannawa, shiru. Kalmar ƙofar nan kuwa ban taɓa saninta ba, domin ma'aji ne ya ƙirƙira ta, haruffa da lambobi ashirin a cakuɗe. Gumi ya keto mini. Na ɗauki kwamfuta na nufi ɗakin kwamfutoci na kwaleji, na tarad da saurayin da ke kula da wurin yana shirin kullewa. Na ce masa, "Don Allah taimake ni ka cire ƙarin nan ka sake sa shi, ya lalace."

Ya ce, "Ranka ya daɗe Malam, kafin mu cire, ka tuna uwar kalmar?"

Na yi tsit. Watanni ke nan ina buɗe taskar da 'yar gajeriyar lamba, ban rubuta uwar kalmar da hannuna ba. Ya ce, "To, a bar shi tukuna." Ya kai linzami kan tambarin ƙarin ya latsa, ya zaɓi sunan shafin, nan da nan suna da kalma suka cika. Na shigar da makin ɗalibaina da sauran minti ashirin. Ashe ɗan aike lafiyarsa lau, kirana ne ba ya isa kunnensa.

Da hankalina ya kwanta muka zauna muka bi abin daki-daki, kuma abin da na koya ran nan shi ne na ke so in shimfiɗa muku bi da bi.

Da fari dai, ka rarrabe tsakanin ɗan aike da kira. Latsa tambarin da linzami. In ya buɗe ya cika maka, to, laifin yana wajen maɓallan yanke. In bai cika ba, laifin yana wajen ƙarin ko taskar ko shafin. Gwajin nan bai fi daƙiƙa biyar ba, amma shi ke raba maka hanya biyu, ya hana ka neman abu inda bai faɗi ba.

In laifin na maɓallai ne, abu na farko ka duba wace taga ce a gaba. Kwamfuta tana miƙa abin da ka danna ga tagar da ka taɓa daga ƙarshe. Ctrl da Shift da L ɗin nan, in Word ce a gaba, jerin ɗige-ɗige za ta yi maka a takarda. In Excel ce, matatar jadawali za ta kunna. Sai ka latsa cikin shafin da ka ke son shiga, sa'an nan ka sake gwadawa.

Abu na biyu, ka je inda burauza ke ajiye rajistar yanke. A Chrome, rubuta chrome://extensions/shortcuts a wurin adireshi. A Edge, edge://extensions/shortcuts. A Firefox, rubuta about:addons, ka latsa alamar giya da ke sama, ka zaɓi wurin shirya yanken ƙari. Can za ka ga ko wane ƙari da maɓallan da ke hannunsa. Ka sani, ƙari ba shi da ikon ƙwace maɓallai, roƙo kawai ya ke yi. A Chrome ma bai wuce ya roƙi yanke huɗu ba. In ya roƙi wanda wani ƙari ya riga ya riƙe, sai a bar masa gurbinsa wayam, ba tare da an gaya maka ba. Haka kuma in mutum ya ɗauki yanken wani ƙari ya ba wani, na farkon ya rasa ke nan. Nan muka kama ɓarawona. Ƙanena ya ari kwamfutar a makon da ya gabata, ya sa wani ƙari na ɗaukar hoton allo, ya ba shi maɓallan nan nawa. Da muka buɗe jakar hotuna sai ga hoton ƙofar shiga har goma sha ɗaya, daidai yawan dannawar da na yi ina gumi. Muka yi dariya, muka mai da wa ma'aji maɓallansa.

Abu na uku, wani lokaci burauzar da kanta ta riga ta ba maɓallan wani aiki. A Edge, Ctrl da Shift da L suna manna abin da ka kwafa a wurin adireshi su nemo shi. Wani lokaci kuma wata manhaja ce a wajen burauza ta tare hanya, domin akwai masu sauraron maɓallai a ko'ina cikin kwamfuta, su cafke kira tun bai kai burauza ba. Manhajar AMD Radeon, mai kula da hoton allo, tana amfani da waɗannan maɓallai uku wajen rubuta bayanin ƙwazon kwamfuta. Maganin duka guda ne: ko ka kashe yanken a wancan wuri, ko ka zaɓa wa ma'aji waɗansu maɓallan da ba mai su.

Abu na huɗu ya shafe mu masu rubuta Hausa. Yawancinmu mun ƙara wa kwamfuta tsarin maɓallai na biyu domin samun ƙ da ɗ da ɓ. A Windows, in akwai tsari fiye da ɗaya, danna Alt da Shift yana sauya harshe, Ctrl da Shift su kaɗai kuma suna iya sauya tsarin maɓallai. Mai gaggawa in ya danna biyun ya saki bai kai ga na ukun ba, sai tsari ya juya bai sani ba. Daga nan in ya rubuta uwar kalma, waɗansu alamomi su fito dabam, ma'aji ya ce bai yarda ba. Kafin ka ce ka mance kalmarka, dubi ƙasan allo ta hannun dama, ka ga wane tsari ne ke aiki. Mutanen Folan ma sun sha irin wannan, gama a Windows Ctrl da Alt tare daidai su ke da maɓallin AltGr, da shi kuwa su ke rubuta wani harafinsu a kan A, sai ya yi karo da yanken KeePass.

Yanzu sai mu koma ɗaya hanyar, watau in ka latsa tambarin da linzami amma bai cika ba. Duba ko taskar a kulle ta ke, domin ma'aji kan kulle kansa bayan wani lokaci, ko in an rufe burauza. Duba ko ƙarin a kunne ya ke. Duba ko kana cikin tagar sirri, wadda ba ta ajiye tarihin yawonka: Chrome ba ta barin ƙari ya yi aiki a cikinta sai ka ba shi izini, Firefox ma haka ta ke yi tun 2019. Duba ko an ba ƙarin izinin aiki a shafuffuka duka ko kuwa a waɗansu kaɗai. In mutum biyu ke amfani da burauza guda, ko wane da nasa sashe, ka tabbata a naka ka ke, gama ƙarin da aka sa a sashen wani ba ya bin ka zuwa naka. Bayan wannan duka, ka rufe burauza gaba ɗaya ka sake buɗewa, domin in ta sabunta kanta, sau da yawa sai an yi haka ƙari ke farkawa.

Saura abu guda, shi ne mafi girma. Ma'aji yana ajiye ko wace kalma tare da adireshin ƙofarta, ɗan aike kuma ba ya miƙa kalma sai adireshin da ke gabansa ya dace da wanda aka rubuta. Wani lokaci masu shafi ne suka sake adireshi, sai ka gyara a taska, shi ke nan. Amma wani lokaci ƙin da ya yi gargaɗi ne. Bayan abin nan da 'yan makonni wata wasiƙa ta shigo mini, wai in hanzarta in tabbatar da bayanin albashina. Na latsa, shafi ya buɗe, kamanninsa sak da wanda na saba. Na danna maɓallaina, shiru. Na latsa tambari, ya nuna ba shi da kalmar wannan wuri. Da ban sha wuya ran Jumma'ar nan na koyi bin abu a hankali ba, da sai in buɗe taska in kwafo kalmar in manna da hannuna. Sai na tsaya na karanta adireshin harafi harafi, na ga an sauya harafi guda. Shafin 'yan damfara ne. Idona ya ruɗu da zane da launi, shi kuwa ɗan aike adireshi kaɗai ya ke karantawa. Saboda haka duk ranar da yanke ke aiki a sauran shafuffuka amma ya ƙi a guda ɗaya, kada ka taimake shi da hannunka sai ka karanta adireshin.

Cire ƙari a sake sa shi kuwa, wannan shi ne magani na ƙarshe, kuma da sharaɗi. In ka cire shi, 'yar gajeriyar lambar nan ta tafi tare da shi. Sai ka shiga da uwar kalma, in kuma ka sa tabbaci mai hawa biyu, sai ka kawo lambar da ke fitowa a wayarka. Kamfanonin irin wannan ma'aji ba su san uwar kalmarka ba, haka aka gina abin da gangan, don haka ba su da wadda za su aiko maka in ka mance. Da saurayin nan ya bi umurnina ran nan, da na tsaya a waje, ƙofofina talatin a kulle, makin ɗalibaina a hannu. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. A daren nan na zauna na yi ta tunani har kalmar ta dawo mini, na rubuta ta a takarda tare da lambar ceto da a ke bayarwa lokacin da mutum ya sa tabbaci mai hawa biyu, na sa a ambulan, na kulle a akwatin da na ke ajiye takardun shaidata. Mai 1Password ya haɗa da mabuɗinsa na sirri mai haruffa 34, gama ba a shiga sabuwar na'ura sai da shi. Tun daga ran nan kuma, ko wane mako na kan rubuta uwar kalmar da hannuna sau ɗaya, don kada yatsuna su mance.

'Yan'uwana ɗalibai, gobe ku ne za ku riƙe makin yara da asirin makarantu. In ɗan aike ya yi muku shiru, ku latsa tambari, ku duba rajistar yanke, ku karanta adireshi, kada kuwa ku cire kome sai uwar kalma na hannu. Wanda bai rubuta tasa ya adana ba, ya yi haka yau kafin ya kwanta. Allah ya tsare mu da gaggawa, ya kiyaye mana amanar da aka ba mu, amin.