Sawun Kansar Ƙoda a Cikin Ƙwayoyin Gado

Shirin musamman na wannan mako ya waiwayi kansar ƙoda, cutar da ake samun sama da mutum 400,000 da ita a duniya duk shekara, wadda takan daɗe tana girma shiru, har sau tari ba a gano ta sai an ɗauki hoton cikin mutum saboda wata larura dabam. Ganin babu gwajin jinin da aka amince da shi don kama ta da wuri, masana suka koma tonon ƙwayoyin gado, wato umarnin da ke rubuce cikin kowace ƙwayar jiki, suna neman manuniya, ma'ana alamar da za a iya aunawa ta faɗi kasancewar cuta ko zafinta.

Bakin zaren ya fito ne a 1993, lokacin da masu bincike a Amurka suka gano ƙwayar gado mai suna VHL a kan kuromosom na 3. Aikinta shi ne sa a rusa furotin HIF, wanda ke tashi idan iskar oksijin ta yi ƙaranci. In ta lalace sai HIF ya taru, ƙwayar jiki ta ɗauka shaƙe ta ake yi, ta shiga janyo sababbin jijiyoyin jini tana tara kitse. Wannan ne ya sa ƙarin da ke tasowa a ƙodar, idan an tsaga shi, yakan fito ruwan ɗorawa da dabbaren jini, a madubin likita kuma ƙwayoyinsa su bayyana garau kamar babu komai a ciki. Fahimtar wannan hanya ta samar wa William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza lambar Nobel a 2019, kuma a 2021 Amurka ta amince da maganin belzutifan mai toshe wani nau'in HIF.

A 2013 shirin binciken ƙwayoyin gadon kansa mai suna TCGA ya wallafa nazarin ƙari sama da 400, ya tabbatar da cewa PBRM1 da SETD2 da BAP1, maƙwabtan VHL a kuromosom ɗin, su ma sukan lalace, aka kuma saki bayanan ga duk mai kwamfuta da intanet. Tun daga nan rahotannin sababbin manuniya suka yi yawa, sai dai kaɗan ne suka kai bakin gadon majinyaci, domin abin da lissafi ya nuna zato ne kawai har sai an jarraba shi a kan mutane. Ayarin Charles Swanton a Landan ya fito da wani ɓangare na dalilin a 2012: da aka ɗebi sassa dabam-dabam na ƙari guda, kusan kashi biyu cikin uku na sauye-sauyen gadon ba su bayyana a dukkan sassan ba, har wani sashe yana nuna alamar sauƙi alhali na kusa da shi yana nuna tsanani.

Akwai kuma giɓin da ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, domin galibin samfuran TCGA na Turawa ne. Wani nau'in kansar ƙoda mai saurin kisa, wanda ba kasafai ake ganin sa ba, kusan a jikin matasa masu ɗauke da gadon sikila kaɗai yake fitowa, kuma lalacewar ƙwayar SMARCB1 ce tushensa, ba ta VHL ba. A Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da jinin AS, wato gadon sikila.