Tafiyar Kwanaki Zuwa Tafkunan Kan Duwatsu: Shiri Tun Daga Gida Ake Yin Sa

A yammacin jihar Wyoming ta ƙasar Amurka akwai jerin duwatsun da ake kira Wind River, reshe ne na duwatsun Rocky, tsawonsu ya kai kimanin kilomita 160. Ƙololuwarsu, wato Gannett, ta haura mita 4,200. A tsakanin waɗannan duwatsu akwai tafkuna fiye da 1,000 masu ruwa garai-garai, cike da kifin ruwan sanyi da ake kira tirawut. Duk shekara mutane kan goya kayansu su shiga can da ƙafa, su yi kwana huɗu ko mako guda suna fatsa. Da ƙafa ko a kan doki kawai ake shiga, domin dokar kare daji ta 1964 ta hana mota, ta hana babur, har keke ma ba a yarda da shi ba.

Asali yawancin tafkunan nan babu kifi a cikinsu, saboda gangaren ruwa mai tsayi ya hana shi haurowa daga koguna. A shekarun 1930 wani mutum mai suna Finis Mitchell ya riƙa zuba 'ya'yan kifi a garewanin madara, ya ɗora wa dawakai, ya hau da su. Girgizar tafiyar dokin ce ke sa iska ta shiga ruwan har kifin ya isa da ransa. Da haka ya zuba kifi a tafkuna fiye da 300. A 1948 aka kama wani tirawut mai ruwan zinariya a tafkin Cook wanda ya kusa kilo 5, kuma an daɗe ana buga misali da shi.

To, mai son zuwa irin wannan wuri, abu na farko da zai sani shi ne dutse ke yanka masa lokaci. Dusar ƙanƙara kan rufe hanyoyi har cikin watan Yuni, wasu tafkunan ma ba sa narkewa sai Yuli. Daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Satumba ne kaɗai lokacin da ya dace. A farkonsa sauro kan yi yawan da sai an rufe fuska da raga, ga rafuka cike da ruwan narkewar ƙanƙara, ƙetare su akwai haɗari. A ƙarshensa kuwa sauro ya tafi, amma dusar ƙanƙara na iya sauka a kowane dare.

Abu na biyu, lissafin hanya. Da yawa kan fara daga garin Pinedale, su ajiye mota a Elkhart Park, wurin da tsayinsa ya haura mita 2,800. Daga nan zuwa tafkin Island akwai kimanin kilomita 19. A kan taswira tafiyar yini ce, amma ga mai ɗauke da kaya a sararin da iska ta yi ƙaranci, gara ya raba ta kwana biyu. Daga mita 2,500 zuwa sama jiki kan fara jin ƙarancin iskar shaƙa: ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci. Wanda ya zo daga ƙasa mai kwari ya kwana ɗaya ko biyu a gari tukuna jikinsa ya saba. Idan ciwon ya tsananta a sama, maganinsa saukowa nan take. Haka kuma hadari kan taso da tsawa bayan azahar, don haka a tashi da sassafe, a ƙetare tudu mai tsayi kafin rana ta take.

Sai maganar kaya. Masu wannan harka kan ce kada nauyin jakar goyo ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ita. Tanti mara nauyi, jakar barci mai ɗumi, rigar ruwa, tufafin da ba na auduga ba, domin auduga idan ta jiƙe sanyi take ja wa jiki. Ko a watan Agusta ruwa kan daskare da dare. A ɗauki taswirar takarda da kamfas, tunda waya ba ta samun sabis a can, batirinta kuma sanyi na cinye shi. Takalmin da ba a taɓa sawa ba a bar shi a gida.

Babban kuskuren sabon shiga shi ne ya rage guzuri da nufin zai ci kifin da ya kama. Kifin tafkunan sama yana da wayo, ruwan kuma garau yake, yana hango mutum tun daga nesa. Akwai ranar da za a wuni ana jefa ƙugiya ba a samu ko ɗaya ba. Saboda haka a ɗauki abincin kowace rana cikakke, a ƙara na kwana ɗaya, kuma ya zama busasshe mai riƙe ciki, kamar yadda fatake ke riƙe kilishi da dabino. Ruwan tafki kuwa, komai kyansa, a tace shi ko a tafasa shi minti 3, don yana iya ɗauke da ƙwayar giyardiya mai sa zawo.

Ba a jefa ƙugiya sai da lasisi daga hukumar kula da namun daji da kifi ta Wyoming, wadda ta ƙayyade yawan kifin da mutum zai riƙe. Wani ɓangare na gabashin duwatsun ƙasar ƙabilun Shoshone da Arapaho ce, shi kuma takardar izininsa daban take. Mafi yawan masu fatsa a can kan yi amfani da ƙugiyar da aka ɗaura wa gashin tsuntsu ta yi kama da ƙwaro, kuma sukan mayar da yawancin abin da suka kama cikin ruwa.

Akwai kuma dabbar beyar, baƙa da kuma babbar da ake kira girizili. Ƙamshin abinci ke jawo ta. Doka ta ce a kulle abinci cikin mazubin da ba za ta iya fasawa ba, ko a rataye shi a bishiya, mita 3 daga ƙasa, fiye da mita 1 daga gindinta. Kada a yi girki ko gyaran kifi kusa da tanti, kuma feshin barkono na korar beyar ya kasance inda hannu zai kai gare shi da sauri.

Tanti a kafa shi mita 60 nesa da ruwa da hanya. Bayan gida ma haka, a haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20 a binne. Duk ledar da aka shiga da ita a fito da ita.

Daga ƙarshe, mai karatu, kada ka tafi kai kaɗai, kuma kafin ka tashi ka bar wa wani amintacce bayanin hanyar da za ka bi da ranar da za ka fito, don idan ka makara ya san inda za a neme ka. Idan yanayi ya ɓaci, ka juya ba tare da jin kunya ba. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma tafkin yana nan har baɗi.