Kwamfutar da Aka Yanke wa Wa'adi Tana da Sauran Ƙarfi

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft na Amurka ya janye hannunsa daga Windows 10, babbar manhajar nan da ya fitar a 2015, wadda a kanta ne kwamfutoci da dama ke gudana a shagunan buga takardu na Nasarawa Gwom da ɗakunan ɗaliban Jami'ar Jos. Na'urar ba ta daina tashi ba, ba ta kuma daina aiki ba. Abin da ya auku shi ne, duk kafar da ɓarayin intanet suka gano a jikinta daga wannan rana babu mai zuwa ya toshe ta, sai ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi, kamar na shekara guda da kamfanin ya buɗe zuwa Oktoban 2026.

Da a ce sabuwar manhajar, wato Windows 11 da ta fito a 2021, tana karɓar kowace na'ura, da lamarin bai kai a yi masa dogon sharhi ba. Amma an gindaya mata sharuɗɗa: lalle ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda masu gyara ke kira farosesa, ta kasance daga zubi na takwas na Intel zuwa sama, wanda aka soma fitarwa a 2017, ko Ryzen 2000 na AMD, kuma a sami ma'adanar sirrin nan mai suna TPM 2.0 a cikinta. To, wanda ya san kasuwar kwamfuta a Jos ya san cewa abin da talaka ke iya saye shi ne 'yar Beljiyam, wadda ta gama hidima a ofisoshin Turai da Amurka, ta sauka Legas, ta biyo mota ta hau dutse. Kuma HP ko Dell mai Core i5 zubi na huɗu ko na shida, wadda mai shago ke buga takardun neman aiki da kundin kammala karatu a kanta, lafiyarta ƙalau, ba ta da wata illa face shekarar haihuwarta.

Hujjar kamfanin ita ce tsaro, kuma adalci ya wajabta a ce ba hujjar banza ba ce, domin a Mayun 2017 cutar WannaCry ta kama kwamfutocin da ba a toshe kafofinsu ba, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Sai dai maslahar da aka auna ta mai sauya na'ura duk bayan 'yan shekaru ce, alhali kuwa nauyin hukuncin ya sauka a kan wanda ya yi adashe kafin ya mallaki guda ɗaya. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta a 2023 cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 na iya zama shara saboda wannan mataki, kuma zubar da abin da ke da sauran amfani malamanmu israfi suke kiransa. Mutumin Jos, wanda ya tashi yana ganin tafkunan da masu haƙar kuza suka bari bayan bukatarsu ta biya, ba ya bukatar a yi masa bayanin yadda kamfani ke juya baya; kuzar ma da ita ake like sassan allon kwamfuta.

Mafita tana nan, ko da yake ba ta rasa wahala ba. Manhajar Linux kyauta ce, kuma nau'inta irin su Linux Mint suna gudana sarai a kan waɗannan na'urori, sai dai mai shagon da sana'arsa ta rataya a kan manhajar zane ta CorelDRAW zai sha fama, domin a yanzu ba a yi wa Linux ita. Can ma ana sallamar tsofaffi, sai dai a hankali: Debian 13, wani nau'in Linux da ya fito a Agustan 2025, ya daina fitar da cikakkiyar manhaja domin tsohuwar ƙwaƙwalwar Intel da AMD mai bit 32. Akwai kuma masu gyaran da ke cusa Windows 11 ta bayan gida, na'ura ta karɓa, amma kamfanin ya bayyana cewa bai lamunci ci gaba da aiko mata gyara ba.

Saboda haka wanda zai sayi 'yar Beljiyam a yau, kafin ya yi ciniki ya nemi a nuna masa lambar farosesa: in ya ga i5-6300U zubi na shida ce, in ya ga i5-8250U zubi na takwas ce, kuma bai kamata a yi musu kuɗi ɗaya ba. Wanda kuwa tsohuwar ke hannunsa, ya ci gaba da buga takardunsa, amma ya nisanta ta daga harkar banki da lambobin sirrin abokan cinikinsa, waɗanda amana ce a wuyansa.